Bulalar Chin da Dutsen Ashoka: Musayar Baituka

Mai Tawada:

Jama'ar zaure, ga tambayata,
Da me ake riƙe talakawa?
Na ɗauki Sin, daular Chin ta yamma,
Inda waziri Shang Yang ya yi tsarawa.
A 356 kafin Miladiyya,
Gida biyar-biyar yake ɗaurewa.
In ɗaya ya yi laifi huɗu suka ɓoye,
Duka biyar ake hukuntawa.
Gida mai baligai maza biyu,
Ko su rabu, ko haraji na ninkawa.
Muƙami ya bar gado ya koma daga,
Kan maƙiyi shi ke ɗaukakawa.
A 221 Sarki Shi Hwang ya haɗe ƙasa,
Lardi 36 ya yi yankawa.
Kowane da gwamna da sarkin yaƙi
Da mai sa ido, babu mai gadawa.
Mudu ɗaya, kuɗi ɗaya mai huda,
Rubutu ɗaya ake koyarwa.
Har tazarar ƙafafun keken doki
Sai da aka bi ta da aunawa.

Gwaggon Zaure:

Malam, mun ga bulalar taka,
Taho in tsallaka da kai Indiya.
Ashoka, jikan Chandragupta,
Sarki na uku a gidan Maurya.
Shekara takwas da naɗi ya ci ƙasar Kalinga,
Shi da kansa ya faɗi gaskiya:
Mutum 100,000 suka kwanta dama,
150,000 aka kora a hanya.
Ya sa aka sassaƙa nadamarsa a dutse,
Ya bi Buddha da dukan zuciya.
Amma dhamma, tarbiyyar da ya ɗora wa jama'a,
Ta haɗa kowa, ba ta da wariya:
Bin iyaye, tausayin bawa da bara,
Girmama aƙidar wani ba hamayya.
Duk shekara biyar hakimai su yi rangadi,
A dasa inuwa, a haƙa rijiya.
Magani ga mutum, magani ga dabba,
Matafiyi ya sha ruwa lafiya.
A madafar fada aka rage yanka,
Dawisu biyu da barewa ɗaya.
Wanda aka yanke wa kisa, kwana uku
Ake ba shi ya shirya tafiya.

Ɗan Auta:

Gwaggo, a gafarce ni, da sauran magana,
Ashoka bai mai da Kalinga ba.
A dutsen nan ya ja kunnen mutanen daji,
Bai ce ya ajiye takobi ba.
Brahman malami, mayaƙi, ɗan kasuwa, Shudra bara,
Wa'azin bai rushe matakan ba.
Ƙauyen Lumbini ya koma harajin ɗaya cikin takwas
Don haihuwar Buddha, ba don talauci ba.
Ya rasu a 232, sai gida ya yi rauni,
Magada ba su riƙe iyakar ba.
Sarkin yaƙi Pushyamitra ya kashe sarkinsu na ƙarshe,
Ba a cika shekara 50 ba.

Mai Tawada:

Ɗan Auta, ka taɓo mini gyambo,
Tawa ta fi saurin rushewa.
A 213 waziri Li Si ya ba da shawara,
Littattafai aka bi da ƙonawa.
Na magani da noma da duba kaɗai
Aka bar wa mutane karantawa.
Ga aikin ganuwa, ga ginin kabari,
Gonaki babu masu nomawa.
A 209 mutum 900 na kan hanyar aikin soja,
Ruwan sama ya hana su wucewa.
Suka ce makara kisa, tawaye kisa,
Jagoransu Chen Sheng ya zaɓi tayarwa.
Shekara 15 kacal da haɗe ƙasar,
Gidan Chin ya yi tarwatsewa.

Gwaggon Zaure:

Malam, kar ka naɗe tabarmar tukuna,
Gidan Han ya ɗauko daga baya.
Lardunan Chin bai rushe su ba,
Nauyin ya sauke daga wuya.
Harajin gona ɗaya cikin 15,
Ya koma cikin 30, aka sarara da biya.
A 124 Sarki Wu ya buɗe makaranta,
Ɗalibai 50 a tashin farko gaba ɗaya,
Suna haddar littattafan malami Konfushiyas,
Cin jarrabawa zuwa ƙaramin muƙami ke buɗe hanya.
Ɗan Auta, baiti na gaba naka ne:
Wa ya shiga ajin, ɗan manomi ko mai dukiya?