Babin da malami ke jin nauyin karantawa a gaban ɗalibai

Malamar Adabin Turanci, Gusau:
Assalamu alaikum malamai. Ina so kowa ya faɗi yadda ya yi da irin littattafan nan da suka sha rigima a ƙasashensu, kuma ga su manhaja ta ɗora mana. Ni wanda ya fi ba ni ciwon kai shi ne Invisible Man na Ralph Ellison, wanda WAEC ta saka daga 2021 zuwa 2025. Littafi ne babba, tun 1952 ya fito, ya ci babbar lambar yabo ta Amurka a 1953. Amma tun a babin farko, manyan Turawan gari sun tara samari baƙar fata, suka sa wata mace ta yi rawa tsirara a gabansu, sannan suka ɗaure musu idanu suka ce su dambace juna. Babi na biyu kuwa labarin manomin da ya yi wa 'yarsa ciki ne. Ku duba min ajin 'yan mata zalla, kowacce ta sunkuyar da kai cikin hijabinta, ni kuma ina tsaye da littafin a hannu. Wani uba ya zo har ofis ya ce ba wannan ya turo 'yarsa ta koyo ba. Ban ga laifinsa ba. A can Amurka ma, a 2013 wata hukumar makarantu a Karolina ta Arewa ta cire littafin bayan wata uwa ta yi ƙorafi, kafin wata ya cika suka mayar da shi. To ku yaya kuka yi?

Malami daga Ƙauran Namoda:
Wa alaikumus salam Malama. Ni Native Son na Richard Wright na koyar, a zangon 2016 zuwa 2020. Wurin da tauraron labarin, saurayi baƙar fata mai suna Bigger, ya danne fuskar Mary, 'yar Baturen da yake yi wa aiki, da matashin kai har ta mutu, da abin da ya yi wa gawar bayan nan, ban taɓa sa yaro ya karanta shi da murya ba. Da bakina nake ba da labarin a taƙaice, cikin kalmomin da zan iya faɗa a gaban mahaifiyata. Sai mu ɗauki lokaci mai tsawo a kan ɗaki ɗayan da shi da uwarsa da ƙannensa biyu ke kwana, da ƙaton beran da suka kashe da sassafe. Nan ne yara ke gane tsoron da ya cika zuciyar yaron. Masu jarrabawa jigo suke tambaya da halayen taurari, ba sa tambayar jini.

Malamar Hausa, Tsafe:
Malam, ka gafarce ni, ban yarda da taƙaitawa a kowane hali ba. Abin da malami ya tsallake shi ɗalibi ke fara nema da dare, kuma a lokacin babu babba kusa da zai yi masa bayani.

Ni 'yar zamanin littattafan soyayya ce. A makarantar kwana muna cire bangon littafi mu sa masa bangon littafin lissafi, a yi ta zagayawa da shi ɗaki-ɗaki har shafukan ƙarshe su zube, sai wadda ta fara karantawa ta ba mu ƙarashen da baki. Lokacin ana kiransu Adabin Kasuwar Kano, masana na ta musayar raddi a jaridu a kan ko adabi ne ko shirme. A 2007 muka ji hukumar A Daidaita Sahu ta Kano ta tattara littattafan da aka ƙwace a hannun ɗalibai mata an cinna musu wuta. Ba na cewa duka na kirki ne, akwai na banza a ciki sosai. Amma da na sake karanta Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu bayan na zama uwa, sai da na ajiye shi na yi shiru. Da ina yarinya soyayyar nake bi. Yanzu kuwa yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗaura wa dattijo nake gani, kuma na san irinta a unguwarmu, na san wadda kujerarta ta zauna babu kowa a ajina bayan hutun Sallah. Haka wani littafin nata, Alhaki Kuykuyo Ne: magidanci ya samu kuɗi, ya kawo amarya, ya kori uwargida da 'ya'yanta. Wace ƙaramar hukuma ce a Zamfara babu wannan labarin? Littafin da wasu suka raina a gida, shi aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Idan zan koyar da wuri mai nauyi, ni nake karantawa da kaina, a hankali, babu dariya a fuskata. Daga nan in tambaye su wa aka zalunta, wa ya gani ya yi shiru. Ranar da na yi haka da labarin auren dole, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta yi magana har aka kaɗa ƙararrawa.

Tsohon malami mai ritaya, Talatar Mafara:
Ɗiyata ta Tsafe, Allah shi yi miki albarka. Ni nawa ba na kunya ba ne, na siyasa ne. Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell a 1975. Asalin littafin sai da maɗaba'u da dama na Ingila suka ƙi buga shi, don lokacin yaƙi ne kuma Tarayyar Sobiyat ƙawarsu ce, sai a 1945 ya fito, can Sobiyat kuwa aka hana shi shekaru masu yawa. Na koyar da shi zamanin mulkin soja. Abin da ya fara damun yara shi ne aladu ke shugabanci, wani ma ya ce shi ba ya taɓa littafin da alade ke magana a ciki. Na ce masa ya yi haƙuri ya ga irin shugabancin da za su yi. Da muka kai inda ake sauya dokokin da aka rubuta a bango cikin dare, yaron nan da kansa ya tashi zai kira sunan wani mai mulki. Na ce ya zauna, a ajin nan sunansa Maitumbi, wato shugaban aladun cikin littafin. Kowa ya gane, kuma kowa ya koma gida lafiya.

Bara na sake ɗauko shi. Wannan karon ban iya wuce wurin Akawal ba, dokin da ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, suka sayar da shi ga masu yanka. Abokan aikina da suka tsufa cikin alli suka yi ta faɗo min a rai.

Malamin Larabci, Anka:
Baba, mun gode. Ina so dai in ja hankali: hana littafi ba ya mayar da shi mai daraja, kuma shekarun ɗalibi abin dubawa ne. Na karanta Awlad Haratina na marubucin Masar Najib Mahfuz bayan na gama digiri. An fara buga shi kashi-kashi a jaridar Al-Ahram a 1959, malaman Azhar suka yi suka, sai a Bairut ya fito a matsayin littafi a 1967. Ina da ja a kan abubuwa da yawa a cikinsa, kuma ba zan miƙa shi ga ɗan sakandare ba. Amma wanda ya daɓa wa marubucin wuƙa a wuya a 1994, lokacin marubucin yana dattijo mai shekara 82, ya amsa cewa bai karanta littafin ba. Malamanmu na da sai sun karanta magana sun fahimce ta kafin su yi mata raddi, kuma raddin da alƙalami suke yi. Abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan.

Sabuwar malama, Bunguɗu:
Iyayena malamai, ni tawa matsalar daban ce. Ajina cike yake maƙil, kwafin littafin kuwa nawa ne kaɗai, yara sun dogara ga ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda babu babi mai nauyi ko marar nauyi a cikinsu. Zan gwada hanyar Malama ta Tsafe a zangon nan. Kafin nan ina so in kira iyaye mata in nuna musu shafukan da kaina, in faɗa musu yadda zan bi da su a aji. Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan zaman da iyaye? Ta shugaban makaranta kuka bi, ko ta ƙungiyar iyaye da malamai?