Wace kalmar Hausa za ta maye gurbin "luthier"?

Mai tambaya, daga Yamai:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina mayar da wata hira ta makaɗan jita zuwa Hausa, kuma kalmar Faransanci "luthier" ta tsaya mini, wato mutumin da sana'arsa ita ce haɗa jita da sauran kayan kiɗa masu tsirkiya. Muhawarar makaɗan a kan wannan mutum ta ginu. Wasu sun ce babu abin da ya kama ƙafar jitar Fender Stratocaster, wadda ta fara fitowa a Amurka a 1954, ko da yake yawancin waɗanda ake samu a hannun matasanmu kwaikwayonta ne daga Sin. Wasu kuma sun ce wadda aka haɗa a nan ta fi, domin itacenta ya saba da hunturu, alhali ta waje wuyanta yakan lanƙwashe idan iska ta bushe. Shin maƙerin jita zan rubuta, ko masassaƙin jita?

Malamin Hausa, daga Tahoua:
Wa alaikumus salam. Ni masassaƙi na zaɓa. Kalmar ta fito ne daga "luth", sunan wani kayan kiɗa mai tsirkiya, shi kuma daga Larabci al-ud, wanda ma'anarsa ta asali itace, don haka tun daga tushe da itace aka san mai wannan aiki. A wurinmu ma wanda yake fafe turmi da akushi shi ne yake fafe jikin kalangu da na molo. Ƙira kuwa da wuta da zugazugi aka san ta, kuma ban ga inda wuta ta shiga aikin jita ba.

Mai gyaran jita, daga Yamai:
Allah ya gafarta Malam, sassaƙa ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da yake raba jita mai kyau da ta banza shi ne awon ƙarafan nan da aka jera a wuyanta: na goma sha biyu dole ne ya faɗa a tsakiyar tsawon tsirkiya, kuma idan ya goce ko kaɗan, duk yadda aka saita ta muryar ba za ta zauna ba. A nan ne yawancin na gida suke faɗuwa, ba a wajen itace ba. Akwai kuma sandar ƙarfe a cikin wuyan, wadda ake ɗaurewa ko a sassauta idan hunturu ya taɓa shi, abin da masu kukan lanƙwasa da yawa ba su ma san da shi ba. Jitar lantarki tana da maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, wanda muke ce wa mikro, shi yake ɗaukar motsin tsirkiya.

Sannan a duba masu baƙuwar siffa. Jitar Flying V da kamfanin Gibson ya fitar a 1958, mai jiki kamar kan kibiya, da farko kasuwa ƙin ta ta yi, kuma har yanzu makaɗanmu suna kushe ta saboda ba ta zama a cinya, mu kuwa sau da yawa a zaune muke kiɗa. Wannan dai ta itace ce. Amma jitar Steinberger, wadda wuyanta ba shi da kai, ta asali ba da itace aka yi ta ba, zubi ne aka yi. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi ake yin jikinsa. Makaɗi Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, wayar birkin keke ce tsirkiyarta. Wa zai kira waɗannan aikin masassaƙi? Kuma Hausa ta daɗe da faɗaɗa ƙira, tunda muna cewa an ƙera mota, muna cewa babur ƙirar Japan, ba tare da kowa ya tambayi zugazugi ba.

Malamin Hausa:
Hujjar babur ƙirar Japan ta kama ni, na karɓi maƙeri. Inda ban yarda ba shi ne a ɗaure shi da jita kaɗai, domin a Faransanci mai yin gogen Turawa ma wannan sunan yake amsawa. Duk wanda ya shiga cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a nan ƙasar ya ga gurmi da molo da goge, da biram mai tsirkiya biyar wanda marigayi Malam Mamman Barka ya raya, zai gane cewa masu yin su ma sun cancanci sunan. Ina ganin a ce maƙerin kayan tsirkiya. Tsirkiya tamu ce tun daga bakan maharbi, kamar yadda jaki, wato ɗan itacen da take hawa a kai, yake namu, kuma bai kamata a ari wata kalma a kansu ba.

Mai gyaran jita:
Ya yi tsawo a bakin makaɗi, amma a rubuce ba shi da laifi. Roƙona ɗaya ne, kada a haɗa mu da su. Ni gyara nake yi, ban taɓa haɗa jita daga farko ba, don haka mai gyara nake.

Mai tambaya:
Na gode muku, Allah ya ƙara sani. Zan rubuta maƙerin kayan tsirkiya a ambato na farko, daga nan in riƙa cewa maƙerin jita inda maganar ta jita ce, jam'i kuma maƙeran jita. Wannan ya warware mini wata matsalar, domin yanzu zan iya cewa ƙirar gida da ƙirar waje, sannan ƙirar hannu da ƙirar masana'anta. Ƙirar waje da ƙirar masana'anta ba ɗaya ba ne, tunda biyu daga cikin makaɗan da suke yabon ta waje, da na sake sauraron hirar, ƙirar hannu suke nufi.