Shekararsa shida, fitsari bai daina zuba ba: wane aiki za mu yarda a yi masa?

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. An haifi ɗana da mafitsara a waje, jawur a ƙasan cibiya. An rufe ta tun yana jariri, daga baya aka gyara gabansa. Yanzu shekararsa shida, fitsari ba dare ba rana. Cinyoyinsa duk sun saɓule, kuma ya ƙi zuwa Islamiyya don yara na toshe hanci. Likita ya ce mafitsarar ƙarama ce: ko a ƙara ta da hanji a riƙa zura siririyar roba ana zuƙe fitsarin, ko a juya shi ya riƙa fita ta dubura. Babansa ya fi son na biyun tunda babu roba. Ni na kasa barci.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki fara tambaya a auna miki nawa mafitsarar ke ɗauka. In ta kai wajen mililita 100, akan gwada matse wuyanta kawai, yaro ya yi fitsari da kansa. In ba ta kai ba, sai ƙari da hanji, galibi tare da aikin Mitrofanoff, sunan likitan Faransa da ya fito da shi a 1980. Da afendis ɗin yaron ake yin 'yar hanya daga mafitsara zuwa cibiya ko gefen mara, ta nan ake zura robar duk bayan awa uku ko huɗu. Sai dai hanji ba ya daina fitar da yauƙi, dole a wanke cikin mafitsarar kullum, in ba haka ba tsakuwa ta taru. In kuma aka yi sakaci mafitsarar ta cika maƙil, tana iya fashewa.

Wata uwa: Aikin Mitrofanoff ɗin aka yi wa 'yata. Ranar farko hannuna har karkarwa yake, na yi kuka. Yau ita ke saka wa kanta, robarta na cikin 'yar jakar makaranta, ta shiga bayi ta fito, ta yi alwala ta yi sallarta. Hanyar cibiya ba ta mata zafi. Abin da ke wahalar da ni, neman roba in ta ƙare.

Wani likita: Hajiya, kar ki ga laifin maigida, yana da hujja. Mainz II ake kiran aikin juya fitsari ta dubura, ana yin sa inda roba ke wuyar samu. Amma sai duburar yaron na riƙewa sosai, za a gwada kafin a yi. Ƙwayoyin cuta na iya hawa ƙoda, sinadaran jini na iya rikicewa har a ɗora shi kan magani, kuma in shekaru suka ja, akwai haɗarin ciwon daji a inda aka dasa hanyoyin fitsarin a jikin hanji, sai an riƙa leƙa hanjin. Ku koma tare, a yi hoton ƙoda da gwajin jini tukuna.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa babansa, ya ce Litinin tare za mu je.