Cakulan Faransa: ina ya samo suna, kuma me ke sa namu fari-fari a Kano?

Maman Ikram, Gwale:
Assalamu alaikum. Masu harkar kek, a ƙara min haske don Allah. Faransa ba ta noman koko, to ta yaya cakulanta ya yi suna haka? Kuma me ke sa cakulan ya yi fari-fari idan ya kwana biyu a nan?

Malam Sani, Fagge:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko ne suka daɗe suna shan koko, da ɗacinsa, har da barkono. Sifaniyawa suka kai shi Turai suka sa masa sukari. Fadar Faransa kuwa ta hanyar aure ya shige ta: a 1615 Anne, 'yar sarkin Sifen, ta auri Sarki Louis na 13. A 1659 aka ba David Chaillou izinin sayar da shi a Paris, shi kaɗai. A garin Bayonne na kudancin Faransa, Yahudawan da suka gudo daga Sifen da Fotugal ne suka kafa sana'ar. Talaka bai ɗanɗana ba sai bayan injin matse man koko na Van Houten, mutumin Holan, a 1828, da sandunan kamfanin Menier a 1836. Har gobe yaransu da la'asar burodi suke ci da guntun cakulan a ciki.

Anti Binta, Tarauni:
'Yar'uwa, sunan nan a man koko zalla yake, da iya sarrafa zafinsa. Baƙin cakulan ki narka shi a kwano bisa ruwan zafi zuwa digiri 50, ki sauko da shi 28 kina juyawa, ki ɗaga zuwa 31 ko 32, sannan ki zuba. Dole sai da ma'aunin zafi. Idan ya yi daidai zai yi sheƙi, ya karye ƙas. Ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa ciki, ya dunƙule ke nan.

Fari-farin iri biyu ne. Na farko mai ne: man koko na narkewa wajen digiri 34, zafin Afrilu a Kano kuma ya haura 40, sai man ya taso sama ya sake daskarewa. Na biyun sukari ne: an ɗauke wuta, firji ya yi gumi, danshi ya narkar da sukarin ya bushe a kai. Duka ana ci, ba lalacewa ya yi ba.

Malam Sani, Fagge:
In kin shiga kasuwar Singa ki duba bayan leda. Idan man wani tsiro aka rubuta a madadin man koko, wannan narkawa kawai ake yi a zuba, ya fi jure zafinmu, amma yana kama dasashi. Na asalin ki sa shi a roba mai murfi a firji, in kin fito da shi kada ki buɗe sai sanyin ya sake shi.