Tsohuwar akori-kura tana harbi tana fizga, wa ya taɓa cin karo da wannan?

Mai Akori-kura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata Toyota ce mai injin 22R, ta kafireta (na'urar da ke haɗa fetur da iska). Da safe tana tashi lafiya, silo ma (wato aikin inji a tsaye ba a taka totur ba) ba laifi. Amma da na hau titi na taka totur sai ta shaƙe, ta yi fizga, sannan ka ji "fat!" kamar an harba bindiga. In ta ɗauki kaya ta fuskanci hawa abin ya fi muni. Na sa sababbin fulogi, ba abin da ya sauya. Wani ya ce in sayi kafireta kawai in huta. Waɗanda suka taɓa gani, me kuka tarar?

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Ta ina ƙarar take fitowa, ta bakin kafireta ko ta salansa? Amsar nan rabin aikin ce. In ta gaba take, yawanci iska ce ta fi mai yawa. Irin wannan haɗi ba ya ƙonewa da sauri, wutar tana nan tana ci har bawul ɗin shiga ya sake buɗewa, sai ta bi manifol, wato bututun da ke kai haɗin cikin silinda, ta dawo baya. In ta salansa take, fetur ne da bai ƙone a silinda ba ya gangara ya kama wuta a can. Tayimin da ya kauce kuwa, wato wutar fulogi ba ta zuwa a daidai lokacinta, yana iya kawo kowanne cikin biyun. Na ga kafireta masu lafiya da yawa da aka cire aka yar saboda ba a yi wannan tambaya ba.

Mai Akori-kura: Ta gaba ce Baba, ƙarƙashin bonet. Har murfin filtar iska ya yi baƙi daga ciki.

Direban Dare: Tawa haka ta yi, ashe wani ɗan siririn tiyo ne na iska ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Daga sama lafiya lau, sai da na lanƙwasa shi tsagar ta buɗe baki. Ka bar inji a silo, ka riƙa fesa maganin wanke kafireta kaɗan-kaɗan a gindin kafireta da inda manifol ya haɗu da kan inji. Inda ka fesa ka ji muryar inji ta sauya, nan iska take satar shiga. Amma ka yi a fili, inji bai yi zafi sosai ba, da abin kashe gobara a kusa, don abin yana kama wuta.

Ɗan Ƙarfe: Ni tawa sai in an yi ruwa ko safiya mai raɓa take iskancinta, rana na fitowa ta warke. Murfin distiributa ne, wato mai rarraba wa fulogi wuta. Da na kifa shi sai ga wani siririn layi baƙi daga wannan ƙafa zuwa waccan, wutar ta yi wa kanta wata hanya. Ka kuma tayar da motar cikin duhu ka buɗe bonet, in wayoyin fulogi sun tsufa za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle a jikinsu. Af, da ka sauya fulogin, ka mayar da wayoyin daidai? Jerin ba wa silinda wuta a injin nan 1-3-4-2 ne.

Tsohon Bakanike: Da ya sarƙe wayoyi, da tun a silo take rawa, in ma ta yarda ta tashi. Iskar sata ma a silo ta fi nuna kanta, shi kuwa ya ce silonsa ƙalau. Mota mai zama lafiya a tsaye, sai an taka ko an ɗora mata kaya ta shaƙe, ni yunwar mai nake fara zargi. Malam, kashe inji, cire filtar iska, leƙa cikin maƙogwaron kafireta, ka ja totur da hannu. Ya kamata ka ga fetur ya yi tsartuwa mai ƙarfi. In ɗiga yake yi ko babu sam, ɗan famfon da ke watsa mai lokacin da aka taka ne ya mutu. Daga nan ka cire filtar mai ka zazzage ta ta bakin shiga a kan farin ƙyalle. Ka duba tsofaffin fulogin ma in ba ka yar ba: baki fari fat alamar ƙarancin mai ne, baƙin toka kuma mai ne ya yi yawa.

Mai Jigila: Kada dai a manta da koyil, mai ƙarfafa wutar da ke zuwa fulogi. Tawa sai ta yi tafiya ta ɗau zafi take fara yankewa, in na tsaya ta huce sai ta ci gaba kamar ba ita ba. Wata mota kuma da na riƙe, bawul ne ya ƙone. Na kara takarda a bakin salansa, maimakon ta yi ta hurawa waje sai ta riƙa tsotso ta ciki jefi-jefi. Gwajin kwamfureshan ya nuna silinda ɗaya ta faɗi ƙasa da sauran sosai. In an daɗe ba a saita tazarar bawul ba, to a saita, a 22R 0.20 mm ne na shiga, 0.30 mm na fita, inji da zafinsa.

Mai Akori-kura: Allah ya saka da alheri. Baba, ka canka. Filtar mai cike take da jan tsatsa, ƙyallen ya koma ruwan ƙasa, famfon totur kuma robarsa ta bushe ta tsage. An sauya duka biyu, yau na hau hawan nan da kaya ba tari ko ɗaya. Sai dai da safe ina jin wani kwaram-kwaram a gaban inji na ɗan lokaci in ta tashi.

Tsohon Bakanike: Madalla. Tsatsar nan daga tanki take, a sauke shi a wanke, in ba haka ba sabuwar filtar ma za ta toshe. Ƙarar safiya kuma kada ka raina ta. Injin nan an san shi da karyewar robobin da ke riƙe sarƙar tayimin, in suka tafi sarƙar takan ci murfin gaba har ruwa ya haɗu da baƙin mai. A buɗe murfin bawul a haska tocila ƙasa a gani kafin ka yi doguwar tafiya.