Salansar bindiga tana kare kunnen maharbi kuwa?

Ɗan Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina maharbi ne a ƙasar Yauri, farauta gadon gidanmu ce. Yanzu kunnensa na hagu ya kusa mutuwa, sai ka zagayo ta dama kafin ya ji ka, da dare kuma ya ce wani ƙara yake ji a ciki ba ya tsayawa. Likita ya ce ƙarar bindiga ce ta shekara da shekaru. Ni ma na fara bin sa daji, shi ya sa hankalina ya tashi. Na ga bidiyon maharban Afirka ta Kudu suna harbin manyan namun daji da wani bututu ɗaure a bakin bindiga, wai salansa. Da gaske tana kashe ƙara? Ba ta rage wa harsashi ƙarfi? Mu da gyado ke cinye wa rogo, za ta yi mana amfani?

Malam Injiniya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba Baba lafiya. Ba ta kashe ƙara, ragewa take yi. Aikinta irin na salansar babur ne: cikinta ɗakuna ne a jere, iskar albarushi mai zafi ta shiga ta huce kafin ta fito. Wani Ba'amurke, Hiram Percy Maxim, ya yi rajistar ƙirƙirarta a 1909. Ƙarar babbar bindigar farauta takan kai desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 160 ko fiye, salansa mai kyau ta cire kamar 20 zuwa 35, alhali daga 140 harbi ɗaya ma na iya lalata kunne. Ka ga da ƙyar take sauko da kai ƙasan iyaka. Sannan harsashin ya fi sauti gudu, yana tsaga iska da tasa ƙarar, wannan kam babu bututun da zai hana.

Ƙarfin harsashi ba ya raguwa, don ba ya taɓa jikinta. Har dukan kafaɗa take sassautawa, shi ya sa saiti ke ƙara kyau. Amma tana ƙara wa bindiga tsawo da nauyi a baki, tana zafi da wuri, kuma in an ɗaura dole a sake gwada saiti. A Finlan, Norwe, Ingila da Niyu Zilan maharba da yawa na amfani da ita bisa doka. Batun kunnen hagu kuwa, mai harbi da kafaɗar dama kansa ne ke kare kunnen dama, na hagu ya sha ƙarar.

Tsohon Maharbi, Zuru:
Ɗana, Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ya yi maganar bindigar da ba mu da ita. Tamu ta toka ce, ta baki ake ɗura mata albarushi, mai hali kuma yana da mai baki biyu. Ina za ka ɗaura bututun? Bindigar toka ma sai da lasisin kwamishinan 'yan sanda, wadda ta fi ta kuwa daga wajen Sufeto Janar ake nema.

Ka duba lokacin da muke ciki. Daga Danko-Wasagu har dajin Kuyambana kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da daji. A tare ka a shinge da bindiga mai salansa, wa zai tsaya jin labarin rogo? Kada wani maƙeri ya ce zai haɗa maka, in ta fashe a fuskarka za ta fashe. Ni ƙarar ma ina son ta. In na yi harbi ɗaya a gefen gona, garken gyado sai ya kwana biyu bai dawo ba, mutanen gari kuma sun san ni ne a wurin, ba baƙo ba. Dorina kuma, tunda kuna bakin ruwa, kada ka kusance ta da wannan bindigar tamu. A kai rahoto ga hukuma.

Maman Hauwa, Gusau:
Ni ma'aikaciyar jinya ce. Abin da ya fi damuna shi ne jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, don haka naka kunnen ka tsare tun yanzu. Auduga ba ta tare komai na kirki. Ka nemi soson toshe kunne irin na masu aikin injin niƙa da kafintoci, ba shi da tsada, ka murza shi ya shiga sosai. Baba kuma a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a gwada jinsa, wataƙila na'urar ƙara ji ta taimaka masa.

Ɗan Yelwa:
Na gode ƙwarai. Baba Tsohon Maharbi, na ji, na bar batun salansa. Amma Mama, in na toshe kunne yaya zan ji motsin nama a cikin ciyawa?

Maman Hauwa, Gusau:
Akwai na batir da ake kifawa a kunne, yana ƙara maka ƙaramin motsi, ya datse ƙarar harbi, sai dai ya fi tsada. In babu hali, rataya soson a wuya, sai ka hango naman ka toshe kafin ka ɗaga bindiga.