Metastasis: yaɗuwa, dashe ko tunga?

Jama'a, ku taya ni neman kalma ɗaya: metastasis. Ita likitoci ke faɗa idan ciwon daji ya tashi daga gaɓar da ya fara ya je ya kama wata mai nisa, kamar dajin babban hanji da ya ɓulla a hanta. Asalinta Girkanci ne, ma'anarta sauya wuri, kuma likitan Faransa Joseph Récamier ne ya ɗora ta a kan daji a 1829. Mu dai har yau "ya yaɗu" muke cewa, ni kuwa ba ta kwanta mini ba. Wasu daga cikinku sun riga sun kawo shawarar kalmomi: ƙaura, yaɗo da dashe, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Yaɗuwa ta riga ta zama ta kwalara da ƙyanda. Ka ce wa dangin majiyyaci ciwon ya yaɗu, wani sai ya fara ja da baya, yana zaton ana ɗauka. Kuma ba ta raba dajin da ya ci abin da ke gefensa da wanda ya bi jini ya tsallaka, alhali tsallakawar ce ke kai ciwon mataki na 4, wato na ƙarshe.

Malam, na ga ka kawo ƙaura. Allah ya saka da alheri, amma wanda ya yi ƙaura ya bar gida ne, shi kuwa daji yana nan daram a hanji yayin da wani sashensa ke girma a hanta. Yaɗo da wani ɗan'uwa ya kawo ya fi dacewa da wancan na gefe, tunda yaɗo ba ya rabuwa da tushensa.

Yaya, taki ce ta fi tsayar da ni: dashe. Kin kusa, har tarihi yana bayanki. A 1889 likitan fiɗa na Ingila Stephen Paget ya bi bayanan mata 735 da dajin mama ya kashe, ya lura ba kowace gaɓa ciwon ke kamawa ba, sai ya kwatanta abin da iri da ƙasa. Cikas ɗin shi ne asibiti ya riga ya karɓe kalmar: dashen ƙoda, dashen hanta. A ce "an ga dashe a hanta", mai sauraro zai ɗauka albishir ake yi masa.

Kafin in faɗi tawa, sai mun duba abin da ke faruwa a hantar, don daga nan kalmar za ta fito. Jinin da ya baro tumbi da hanji da saifa da fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi) ba ya wucewa zuciya kai tsaye. Wata babbar jijiya ce ke tattara shi ta zuba a hanta, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na jinin da hanta ke samu ta nan yake shigowa. A ciki sai ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi inda gudunsa ke raguwa ainun. Ƙwayar dajin da ta ɓalle daga hanji, nan za ta fara maƙalewa. Shi ya sa aƙalla mutum 1 cikin 4 na masu dajin babban hanji ciwon kan kai musu hanta.

Isowa daban, zama daban. Mafi yawan ƙwayoyin da suka iso mutuwa suke yi. A bangon waɗannan hanyoyi akwai ƙwayoyin garkuwa da ake kira na Kupffer, sunan Bajamushen da ya fara bayyana su a 1876, ko da yake sai a 1898 Tadeusz Browicz na Poland ya gane cewa mahaɗiya ne, wato masu haɗiye duk baƙon abin da jini ya kwaso. Su da wasu ƙwayoyin da ake wa laƙabi da makasa suna gamawa da baƙin tun a bakin ƙofa.

To, a nan labarin ke juyawa. Hanta gaɓa ce mai haƙuri, kuma dole ce ta sa ta: kullum tarkacen abinci da na ƙwayoyin cutar hanji na kwarara cikinta, da za ta tayar da yaƙi kan kowanne da kumburi ya gama da ita. Wannan haƙurin daji ke ci. A 2015 ɗakin binciken David Lyden da ke New York ya nuna a jikin ɓeraye cewa dajin fankiriyas kan saki wasu ƙananan ƙunshi cikin jini tun kafin ƙwayarsa ko ɗaya ta iso hanta. Ƙwayoyin Kupffer su haɗiye ƙunshin, su fitar da wani sinadari, sinadarin ya sa wasu ƙwayoyin hanta su shimfiɗa zare mai danƙo, zaren kuma ya janyo ƙarin mahaɗiya daga ɓargo. Ko da ƙwayar dajin ta iso, an gyara mata wuri, kuma masu gadi ne suka gyara.

Haka nutrofil, farin jinin da ya fi kowanne yawa. Idan ya ji cuta yakan watsa raga ta zaren DNA ɗinsa, wato sinadarin gadon halitta, don ya kama ta. A 2013 masu bincike a Kanada suka ga ragar tana kama ƙwayoyin daji a hantar ɓeraye, amma maimakon ta hallaka su sai ta riƙe su har su samu gindin zama. Sannan a 2021 wasu a Jami'ar Michigan suka nuna cewa hantar da daji ya kama tana janye ƙwayoyin T, wani nau'in farin jini waɗanda su ne gwanayen kashe daji, mahaɗiyan da ke wurin kuma su sa su mutu. Wannan na cikin abin da ake ganin yana rage ƙarfin magungunan zaburar da garkuwa ga masu ciwon a hanta. (Ga masu son "sojojin jiki": ban hana ku ba, amma wane soja ne ke shimfiɗa wa maƙiyi tabarma?)

Don haka kalmar da nake nema dole ta ɗauki abu uku: an taso daga wani wuri, uwar tana nan, kuma zaman bai yiwu ba sai da na wurin suka bari. Ni tunga na gani. Mutane ƙalilan su ɓalle daga gari su je can nesa su kafa 'yan bukkoki, garin asali bai tashi ba, su ma ba su daina zama mutanensa ba, kuma ba a kafa tunga sai masu ƙasa sun yarda ko sun kau da kai.

Wancan batu na asali shi ya fi muhimmanci a asibiti. Dajin hanjin da ya je hanta bai zama dajin hanta ba. A madubin likita ƙwayoyinsa na hanji ne, maganin dajin hanji ake ba shi, kuma idan tungayen ba su da yawa akan yanke su, wasu majiyyatan ma su warke sarai. Dajin da ya samo asali a hanta kuwa, wanda yawanci ciwon hanta nau'in B ko C ke haifarwa, wani ciwo ne daban da maganinsa daban. "Ya yaɗu zuwa hanta" ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Ku gwada ta a baki. Dajin ya kafa tunga a hanta. Hoton ya nuna tungaye biyu a ɓangaren dama. Bai kafa tunga ba tukuna. Tana da jam'i, tana da aikatau, kuma babu mai jin ta ya yi zaton ana ɗauka.

Malam, na ji ka kan "ja tunga", cewa kunne zai tafi ga turjiya. Gaskiya ne, amma "kafa" ta raba gardama, kuma ko an ji ƙamshin turjiyar ba a yi wa ciwon ƙarya ba. Abin da ya fi damuna shi ne matasan birni da ba su taɓa jin tunga ba. Su sai a yi musu bayani sau ɗaya, kamar yadda aka yi da garkuwar jiki har ta zauna.

Saura sunan wancan gyaran wuri da ke riga ƙwayar isowa, wanda Rosandra Kaplan da Lyden suka fara bayyanawa a 2005. Ni "sharar fage" nake cewa, wata 'yar'uwa ta ce "shimfiɗa" ta fi taƙaice. Likita, ke da ke zama da majiyyata kullum, wacce za ki iya faɗa wa mutum ido da ido ya gane ba tare da kin sake bayani ba?